Allon da Ya Ƙi Rubutun Ustaz Lawali

Ko me zan manta a aikin koyarwa, ban da safiyar Litinin ɗin da aka aiko a kira ni ajin ƙarshe, wai allo yana cinye rubutun Ustaz Lawali. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna jin ana ce mini Madam Tablo, wato allo da Faransanci, kuna zaton sunan yabo ne kawai. To, ku gyara zama. Labarin nan ba ni ce mai gaskiya a cikinsa ba, kuma gara ku ji shi daga bakina kafin ku ji shi daga bakin Ustaz, domin shi kullum sai ya ƙara masa gishiri.

Makarantarmu ta Milezi, kamar yadda kuka sani, da harshe biyu ake karatu, Faransanci da Larabci. Ga wanda bai san tsarinmu ba, shugaban makaranta shi ne provizer, ba a cika ganinsa ba sai ranar taro. Mai riƙe da wuyan malamai shi ne sansar, domin shi ke raba azuzuwa, shi ke cewa wane zai koyar da wane aji. Namu a lokacin Mushe Brahim ne, mutum mai son takarda. In ka ce masa rufin aji yana yoyo a kanka yanzun nan, zai ce ka rubuto. Ni lissafi nake koyarwa. Da aka kawo allunan zamani guda uku aka rasa wanda za a ɗora wa kula da su, sai wani ya tuna na taɓa dawo wa provizer da hotunansa da suka ɓace a waya. Shi ke nan, na wayi gari injiniya.

Kwana biyu wani mutum ya zo ya koya mana, ya tafi ya bar mana lambar wayar da ba ta taɓa shiga ba. Allon fari ne, haɗe da kwamfuta da na'urar haska hoto da ke rataye a sama. A gefunansa huɗu akwai wasu ƙananan idanu da ke jefa wa juna hasken da mutum ba ya gani. Duk abin da ya ratsa hasken nan, allon zai ɗauka an taɓa shi, ko da abin bai kai jikinsa ba. In siriri ne, kamar yatsa ko alƙalaminsa na roba, sai ya yi rubutu. In mai faɗi ne, kamar tafin hannu, sai ya ɗauka gogewa ake so, ya share wurin. Ku riƙe wannan, domin nan maganar take.

Aikina na yau da kullum bai taka kara ya karya ba. In an rubuta nan rubutu ya fito can, sai in yi masa saiti: wasu ƙananan alamu kan fito ɗaya bayan ɗaya, in taɓa tsakiyar kowacce. In ya ƙi ji gaba ɗaya, galibi waya ce ta kwance a bayan kwamfuta, ko wani malami ya zare ta ya sa cajin wayarsa. Lokacin mangwaro ƙudaje kan sauka a kai su yi ta ɗiga mini ɗigo a tsakiyar lissafi. In an ɗauke wuta kuwa, kafin a tada janareta darasi ya huce. Kowane kira akwai takardarsa: rana, aji, sunan malami, abin da ya ce ya faru, abin da na samu, sai in sa hannu. Ranar Juma'a in kai wa sansar duka.

Tun satin farko allon ya koya mini nasa darasi. Ina rubutu, na miƙa hannu can sama, gefen lafayata ya zubo ya share mini rabin aiki. Sau biyu ya yi mini haka kafin in gane. Daga ranar nake ɗame lafayar a kafaɗa da fil, hannun rigata ta ciki kuma matsattse. Ban faɗa wa kowa ba, ba don mugunta ba tukuna, don dai ba wanda ya tambaya. Sauran malamai maza 'yan taguwa ne masu gajeren hannu, kuma Faransanci daga hagu ake faro shi, ko da hannun riga ya yi gaba, wurin da babu rubutu yake sharewa.

Yanzu sai Ustaz Lawali. Mutumin Damagaram ne, ya zo garin nan tun yana saurayi, kuma shagon mahaifina a kasuwa shi ne majalisarsa. Shi ya koyar da ni Larabci ina yarinya. Rubutunsa kuwa, har daga Toukra, can ƙarshen gari, ake kawo masa katin ɗaurin aure da allon shago ya zana. Nawa rubutun Larabcin, Allah ya sani, bai yi kyau ba. Ya taɓa ɗaga littafina a gaban aji ya ce a nemo kazar da ta bi ta kai a yanka. Na girma, na yi aure, na haihu, na zama abokiyar aikinsa, bai fasa ce mini Saude mai kaza ba.

Ranar da aka sanar a taron malamai cewa ni ce mai kula da allunan, ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce, "Allon da sai an ɗauko masa mai raino! To, Allah ya raya. Amma Mushe Sansar, kun duba rubutunta kuwa kafin ku ba ta allo?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma na ajiye maganar a raina.

Wata uku Ustaz yana kauce wa sabon allon. Tsohon baƙin allo yake sa a jingina masa a gefe, yana aikinsa da alli. Da Mushe Brahim ya gaji, ya sa aka kwashe baƙaƙen allunan daga azuzuwan nan uku ranar Asabar, aka kulle a sito. Litinin da safe aka aiko a kira ni.

Na shiga na tarar da aji tsit, irin shirun da ake yi in dariya ta cika ciki. Ustaz na tsaye da alƙalamin roba, ya riƙe shi da yatsa biyu nesa da jikinsa.

"Saude, zo ki ga ɗanki. Ba shi da tarbiyya."

"Me ya yi, Baba Ustaz?"

"Tsaya dai ki gani."

Ya matsa, ya ɗaga hannu, ya faro daga dama kamar yadda ake rubutun Larabci. Kyakkyawan rubutu ya fara fita. Hannun babbar rigar da ya ɗora a kafaɗa ya sulalo ya rataya, yana bin alƙalamin a baya. Alƙalami na tafiya hagu yana rubutawa, riga na biye tana sharewa. Shi kuwa idonsa na kan bakin alƙalami. Da ya kai ƙarshen layi ya ja da baya ya duba, kalma ɗaya tal ta rage. Shekara da shekaru rigar nan tana shafar allon alli ba ta taɓa goge komai ba, domin alli sai an danna, iyakarta ta ɗan yi fari. Wannan allon kuwa kusantarsa ma ta isa.

Kafin ya sauke hannu na gane. Kalma biyu ce maganin: naɗe rigarka. Har na buɗe baki, sai na tuna mai raino, na tuna kaza. Na mayar da bakina na rufe.

"Ikon Allah," na ce. "Bari in duba."

Na goge idanun allon da tsumma. Na yi saiti, ina taɓa kowace alama a hankali, fuskata a ɗaure. Na kashe kwamfuta na kunna. Na rubuta lissafi, ya zauna daram.

"Baba Ustaz, lafiyarsa lau. Sake gwadawa."

Ya sake, allon ya sake cinyewa. Wata yarinya a baya ta shige ƙarƙashin tebur wai biro take nema, kafaɗunta na rawa. A takardata na rubuta: an duba allo, ba a sami matsala ba. Na sa hannu. A raina na ce kwana biyu kawai, ya ɗan ɗanɗana, sannan in faɗa masa.

Kwana biyu suka zama sati uku. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin nan ƙwarai. Kusan kullum sai an kira ni, kuma kullum da sabuwar shawarar da nake zuwa da ita.

"Ko zoben nan ne, Baba Ustaz? Azurfa ce, ƙila tana jan kuran, wutar lantarkin nan."

Ya cire zobe. Washegari na ce ko agogo ne, ya cire agogo. Bayan kwana biyu na kalli carbin da yake naɗewa a wuyan hannu na girgiza kai kawai, ban ce komai ba, shi da kansa ya warware shi. Ya zama kafin ya fara darasi sai ya jera kayan nan a tebur ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shirin shiga wanka. Na tabbata akwai ɗaliban da suka gano abin da ke faruwa, domin daga inda suke zaune komai a fili yake. Amma wa zai ɗaga hannu ya ce wa Ustaz Lawali rigarka ce? Kuma awar da ya kamata a sha nahawu ta zama awar kallo, ba wanda ke son ta ƙare.

Abin da ya fi kashe ni da dariya shi ne, Ustaz mutum ne da in aka taɓa masa girma, da tufa yake ramawa. Duk ranar da allon ya kunyata shi, washegari sai ya zo da rigar da ta fi ta jiya faɗi da sitaci. Ya sa ta Juma'a, ya sa ta sallah. Mai sitacin nan ko lanƙwasa ba ta yi, shara ɗaya take yi wa layi biyu. Shi yana ƙara riga, allon yana ƙara ci, ni ina ƙara cika takarda.

A gindin dalbejiya, inda muke shan shayi lokacin hutun tara, kowa ya zama masani. Malamin tarihi ya ce waɗanda suka ƙera allon ba su sa masa Larabci ba, shi ya sa yake tofar da shi. Mai gadi ya ce a bar batun na'ura, ajin nan a kan tsohuwar rijiya aka gina shi, shi ya san abin da ya sani. Ana nan sai aka sa Ustaz Adam, sabon malamin Larabci da ya dawo daga karatu, ya gwada. Kwat yake sawa mai matsattsen hannu. Ya cika allon da rubutu daga sama har ƙasa, ko ɗigo bai ɓace ba. Daga ranar magana ta canza salo, aka daina cewa allon ne, aka koma cewa Ustaz Lawali ne. Ni ban ma lura ba, ina can ina jin daɗin yadda ya daina ce mini mai kaza, ya koma cewa, "Madam Saude, in kin samu sarari."

Litinin ta sati na huɗu Mushe Brahim ya kira ni ofis. Ba ya jin Hausa, da Larabcin gari muke magana yana tsoma Faransanci. Ga takarduna a jere a gabansa.

"Madam, da shunu? Mene ne wannan? Kira goma sha huɗu, aji ɗaya, malami ɗaya. Duka kin rubuta allo lafiya."

"Haka ne, Mushe."

"To kalas, magana ta ƙare. In allo lafiya, malami ne ba lafiya."

Ya juyo mini da sabon jadawali. Ranar Alhamis sufeto zai zo ya ga yadda ake aiki da allunan. In Ustaz Lawali ya kasa a gabansa, ajin ƙarshe ya koma hannun Ustaz Adam, shi kuma a ba shi ɗakin karatu ya riƙa ba da aron littattafai.

"Ba ni na yanke ba," in ji shi. "Takardunki ne suka yanke."

Ajin ƙarshe shi ne mai zana jarrabawar fita, kuma malami ba ya kai wa gare shi sai ya daɗe ana ganin aikinsa. Ustaz yana riƙe da shi tun kafin in fara koyarwa. A ɗauke shi daga nan a kai shi gadin littattafai, kora ce cikin ladabi, kuma kafin magariba duk Hausawan garin nan sun ji. Na so in faɗi gaskiya nan take, amma tsoro ya riƙe mini baki. Sa hannuna ne a takardu goma sha huɗu.

Talata bayan an tashi, na koma ajin don in nemi dabarar gyara ɓarnata ba tare da kowa ya sani ba. Na tarar da ƙofa a buɗe. Ustaz ne shi kaɗai. Zobe da agogo da carbi suna tebur, har hula ya cire ya ajiye. Zufa ta jiƙa bayan rigarsa. Ya rubuta layi, ya ja da baya, ya duba, ya sake komawa. Sau huɗu ina laɓe ina kallo. A na biyar bai koma ba. Ya ɗaga hannunsa na dama yana juya shi, na ji ya ce a hankali, ba da kowa ba, "Ko hannun ne ya tsufa?"

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Mutumin nan shi ya wanke mahaifina ranar da ya rasu. Ni kuma na tsaya sati uku ina sa shi cire carbi.

Da ya tafi na shiga saitin allon, na kashe gogewa da tafin hannu, na saki gefen lafayata na gwada. Ya daina gogewa kam, amma ya koma zana wani ƙaton baƙin layi duk inda tufa ta bi. Wannan ya fi na da muni. Na mayar da saitin yadda yake, na tabbata na'ura ba za ta fitar da ni ba.

Laraba bayan la'asar na hau klando, wato babur ɗin haya, zuwa Sabangali, unguwar su Ustaz, amma ba wajensa na nufa ba. Na zagaya ta ƙofar baya wajen matarsa, Hajiya Mairo, wadda nake kira Inna tun ina ƙarama.

"Inna, taimako na zo nema. Gobe ki ɓoye manyan rigunan nan, ki fito masa da kaftani mai matsattsen hannu."

"Gobe? Ranar anspekter, sufeton nan? Ke Saude, kanki ɗaya? Tun shekaranjiya aka kai shaddar da ya aurar da 'yarmu Hadiza da ita wajen bugu. Sitaci biyu aka yi mata, tana can tsaye da kanta a ɗaki. Ko ni ban isa ba." Ta ƙura mini ido. "Wai me riga ta yi?"

Na gaya mata duka. Ta yi dariya har ta dafa turmi, hawaye na zuba. Sai kuma ta tsaya cak.

"Sati uku ke nan ba ya cin abincin kirki. Yana zaure. Ki tafi da ƙafarki ki faɗa masa, ni ba zan ɗaukar miki wannan ba."

Na tarar da shi a tabarma da littafi a cinya, ba karantawa yake ba. Na durƙusa, muka gaisa.

"Baba Ustaz, na gano ciwon allon."

"Alhamdu lillahi. Mene ne?"

"Rigarka ce."

Na kwatanta masa da hannu yadda idanun allon suke, da yadda yake ɗaukar duk abu mai faɗi a matsayin magogi. Ya ɗaga hannu sama, rigar ta sulalo. Ya ja hannun a iska daga dama zuwa hagu, yana kallon yadda rigar ke bin sa a baya. Ya sake yi.

"To ba hannun ba ne."

"Ba hannun ba ne, Baba."

Ya sauke wata ajiyar zuciya mai tsawo. Da nan maganar ta tsaya da na tsira. Amma Ustaz malami ne, ba ya barin tambaya a ƙasa.

"Yaushe kika gano?"

Da na ce yau, da ya yarda. Na ce, "Tun Litinin ta farko. Kafin ka sauke hannu."

Ya dubi yatsansa.

"Zoben fa?"

"Ba ruwansa."

"Agogo?"

"Shi ma."

"Carbina, Saude?"

Na sunkuyar da kai.

"Saboda me?"

"Saboda kaza, Baba. Da mai raino."

Na jira faɗa, bai zo ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigar da ta jawo komai, ya mayar.

"Alhaji mahaifinki ma haka yake, Allah ya ji ƙansa. Sai ya ajiye magana shekara goma, ya fito da ita ranar da ka manta. Gobe ki zo da wuri, kafin ƙararrawa. Duk abin da ɗan naki ya iya, ki nuna mini."

Bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Na tashi na tafi.

Alhamis da sassafe ofishin sansar na fara shiga. Na gaya wa Mushe Brahim cewa takardun nan goma sha huɗu gaskiya suka faɗa game da allo, amma na san dalilin matsalar tun ranar farko na ɓoye. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Rubuto," ya ce.

Daga nan na wuce aji. Ustaz ya riga ni, cikin shaddar nan mai sitaci biyu. Ya naɗe hannun dama a kafaɗa, Inna ta maƙale masa shi da fil ta ciki yadda ba a gani. Na hagu kuwa ya bar shi a sake. Ya rubuta layi, layi ya zauna. Ya tsaya yana kallonsa kamar ya ga ɗan'uwan da ya daɗe a tafiya. Sannan ya fara tambaya. Yaya ake canza launi? Na nuna masa. Yaya ake ƙara wa rubutu girma? Na nuna masa yadda ake buɗa yatsa biyu. Yaya ake ajiye shafi don a sake buɗe shi wata rana? Wannan sau uku ya sa na maimaita. Ni da wautata har ina jin daɗi wai na samu ɗalibi mai himma.

Sufeto ya shigo da provizer da sansar, suka zauna a baya. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, wai ko allo zai buƙace ni. Ustaz ya sa zobensa, ya ɗaura agogonsa, ya naɗe carbinsa a gaban kowa, sannan ya ɗauki alƙalami. Ban taɓa ganin rubutu irin na ranar ba. Ya cika allon, baƙi da shuɗi, kowane harafi a mazauninsa. Ɗalibai suka saki baki, rabinsu don mamaki, rabinsu don baƙin cikin kallo ya ƙare. Da ya gama bayani ya juya, ya ɗaga hannun hagu, ya ja rigar nan shuu daga wannan gefe zuwa wancan. Allon ya koma fari fes.

"Tamam, ya Ustaz!" in ji sufeto. "A ina ka koyi wannan?"

"Sati uku na yi ina nazarinsa," in ji Ustaz, ko murmushi babu.

Na ga Mushe Brahim ya ninke sabon jadawalin ya sa a aljihu. Na sauke numfashi, na juya zan sulale.

"Madam Saude!" Muryar Ustaz ta cika ajin. Ya juya ga sufeto. "Ranka ya daɗe, wannan ita ce injiniyarmu, kuma ɗalibata ce ta dā. Za ta rubuta mana misali ɗaya, yara su ga allon kowa yake karɓa."

Ba hanyar gudu. Na karɓi alƙalami. Ya yi mini shifta da Larabci, jimla gajera, wai misalin nahawu na aikatau mai nuna abin da ya wuce. Ma'anarta ita ce: na gani, na yi shiru. Duk ajin nan ni da shi kaɗai muka san inda maganar ta dosa, sai ko sansar da ya yi tari.

Na rubuta. Kazar nan ba ta mutu ba, tana nan da ranta. Ustaz ya sa yatsa biyu ya buɗa, rubutuna ya kumbura ya cika allon bango zuwa bango. Ya zaɓi jan launi.

"To, yara. Kowa ya taso ya zagaye mana harafi ɗaya da ya karkace, ya faɗi yadda ya kamata ya zauna."

Suka yi layi. Har yarinyar nan mai neman biro ta taso, ta zagaye biyu. Sufeto na ta rubutu yana gyaɗa kai, daga baya ya ce wannan shi ne ainihin abin da aka kawo allunan dominsa, ɗalibai su taɓa da hannunsu. Ni ina tsaye a gefe ina murmushin dole, kunnuwana na zafi. Da suka gama Ustaz ya matsa kusurwar allon, ya danna wurin ajiya daidai yadda na koya masa sau uku. Ya juyo ya ce da Hausa, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Yanzu na yafe, ɗiyata."

Ajin ƙarshe ya zauna a hannunsa. Ni kuma na rubuto, shafi biyu, Mushe Brahim ya sa a fayil ɗina, ya ƙara layi ɗaya a takardar kira: me malamin yake sanye da shi.

To, ga abin da nake so ku ɗauka, ku da za ku riƙa amsa kiran nan. In aka ce allo ya lalace, kada ku fara da laluben waya a bayan kwamfuta. Ku ce wa malamin ya yi a gabanku, ku tsaya ku kalle shi, daga wane gefe yake farowa, me ke rataye a hannunsa. Wanda ya ƙera allon nan bai taɓa ganin babbar riga tana rubuta Larabci ba, ku ne kuke ganinta. Kuma abin da kuka gani ku faɗe shi a ranar. Takardar da kuke sa wa hannu kuna hamma, wani yana can yana jera ta, kuma ajin wani dattijo yana iya tafiya a kanta.

Ustaz yana nan har yau. Duk shekara, satin farko na komawa makaranta, sai ya buɗe wa sababbin 'yan ajin ƙarshe shafin nan. Sunan da ya sa masa Kaza. Shi ya sa in kun ga ɗalibai sun gaishe ni suna danne dariya, kada ku tambaya. Da alli ne, da tun ranar an goge. Ni ce mai mabuɗin kwamfutar, da yatsa ɗaya zan iya share shi ba wanda ya sani. Ya san haka, ni ma na sani. Yana nan inda ya ajiye shi.